Sarakuna da Jirgin Ƙasa

Yau zancenmu a kan tafiyar sarakuna ne, yadda take a zamanin doki, da yadda ta koma sa'ad da jirgin ƙasa ya zo Kano. Kowa ya gyara zama, gama labarin yana da ɗan tsawo.

Mu fara da abin da muka gada. A da, in Sarkin Kano zai yi tafiya, gari duka ya sani tun kafin ranar. A tara dawaki da raƙuma da alfadarai, a auna hatsin guzuri, a aika wa hakimai da dagatan da ke kan hanya su shirya masauki da ingirici. Ran tashi sai a buga tambari, a busa kakaki. Zagage suna gaba, dogarai suna gefe, 'yan lifidi da 'yan sulke suna biye, ga mai laima, ga maroƙa. Inda sarki ya ga dama nan ne zango. In ya ce a tsaya an tsaya, in ya ce a tashi an tashi. Babbar tafiyar sarakunanmu ita ce ta zuwa Sakkwato gaisuwa wurin Sarkin Musulmi, kusan mako biyu ana bisa hanya kafin a isa. Tafiya ce mai wuya ƙwarai. Sarki Abdullahi, ɗan Dabo, a kan wannan hanya ajali ya same shi a garin Karofi cikin shekarar 1882, shi ya sa har yanzu muke ce masa Maje Karofi. Sarki Alu kuma yana can wajen Sakkwato da dawakinsa sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903.

To, a ƙasashen Turai kuwa, tun kafin wannan lokaci da shekaru sittin sarakuna sun fara shiga jirgin ƙasa. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta fara shigarsa ran 13 ga watan Yuni, 1842. Daga wata tasha kusa da gidanta na Winza ta shiga, aka kai ta Landan, mil 18 cikin minti 25. Abin ya yi mata daɗi, amma ba ta yarda da gudu ba. Ta kafa doka kada jirginta ya wuce mil 40 a awa da rana, da dare kuwa mil 30. Ba ta cin abinci jirgi yana tafiya, sai an tsaya a tasha. A 1869 aka ƙera mata taragu biyu, ɗaya na zaman rana ɗaya na kwana, aka lulluɓe bangon na zaman rana da siliki shuɗi, aka sa kujeru masu taushi da gadaje da fitilu. Suna nan ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin Yok, ana zuwa kallo. In za ta yi tafiya, akan saki wani kan jirgi shi kaɗai ya riga ta da kamar minti 15, don in akwai wani mugun abu bisa hanya shi ya fara gamuwa da shi. Mu da muka san zagi, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Zagi ne na ƙarfe.

Sarakunan Musulmi ma ba su zauna baya ba. Sarkin Istambul Abdul'aziz ya zaga Turai a 1867, taragon da aka ƙera masa yana nan a Istambul. Sarki Abdulhamid kuma ya sa aka shimfiɗa dogo daga Dimashƙa, ya kai Madina a 1908, don sauƙaƙa wa alhazai. Amma kada ku ce duk wanda ya shiga taragon sarauta daɗi kaɗai ya sha. Sarkin Rasha Nikolas na Biyu a cikin taragonsa yake, a wata tasha, sa'ad da aka matsa masa ya sa hannu a takardar murabus cikin 1917.

Mu komo gida. Dogon da ya zo Kano daga Baro aka faro shi, a bakin kogin Kwara, mil 356 daga nan. Gwamnan Arewa na lokacin, Jirwad, wanda ya gaji Lugga, shi kansa injiniyan reluwe ne, shi ya tsaya a kan aikin. Ƙarfe ya iso Kano cikin watan Maris na 1911, aka buɗe hanya sosai a 1912, aka kuma haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko. Tsofaffi suna kiran wannan lokaci zamanin diga. Sai mu faɗi gaskiya, ba da son ransu talakawa da yawa suka tafi aikin nan ba. Turawa suka ɗora wa sarakuna, sarakuna suka ɗora wa hakimai, hakimai suka ɗora wa dagatai, kowane gari ya ba da mutum kaza. Mutum ya bar gonarsa ya tafi haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando, a biya shi da kuɗin Turawa, waɗanda da su ne kuma zai komo ya biya haraji. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda dogon ya ratsa ƙasarsa, har waƙa ya yi a kan wannan aiki, ita ce ake kira Waƙar Diga.

Kuma ba domin sarakuna aka yi hanyar ba. Turawa auduga suke so a kai masaƙunsu na Ingila. Manoman Kano suka duba, suka ga audugarsu tana da masu saye a gida, masaƙa da marina sun ishe ta, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi. Suka shuka gyaɗa. Tun kakar 1912 buhuna suka cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Daga nan ne aka samo dalar gyaɗa da aka san Kano da ita shekaru da yawa, daga nan kuma attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka ƙara bunƙasa.

Ku lura da wurin da aka sa tashar. Ba ta shigo cikin ganuwa ba. A waje take, gabas da birni, wajen Fage da kantunan Turawa. Saboda haka duk wanda ya zo a jirgi, ko ɗan wane ne, sai ya sauka a waje tukuna, sa'an nan ya nemi ƙofa, ko Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa, ya shiga. Zamanin Sarki Abbas aka yi wannan, shi ne sarkin Kano na farko da ya ji kukan jirgi daga Gidan Rumfa. Ran 1 ga Janairu, 1913, Gwamna Lugga ya tara sarakunan Arewa a nan Kano aka yi babban hawan daba.

Yanzu mun zo ga babban labarin. A cikin 1925 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya aiko ɗansa Edwad, Yarima mai jiran gado, ya zaga ƙasashen Afirka. A lokacin annoba ta faɗa wa Ikko, irin wadda ɓeraye ke kawowa, har aka yi shawarar a fasa zuwansa Nijeriya. Daga baya aka sāke shawara, aka ce ya zo, amma ya fara da Arewa. Cikin watan Afrilu ya sauka daga jirgin ruwa, aka sa shi a jirgin ƙasa na musamman a tashar Iddo, aka nufo Kano da shi, mil 700 da 'yan kai. Gwamnan Nijeriya a lokacin shi ne Kilifod.

Ku tuna wane wata ne Afrilu a ƙasar nan. Tsakiyar bazara ke nan, ga zafi ga ƙura, tarago kuwa ƙarfe ne da katako, babu na'urar sanyaya ɗaki a zamanin. Kwana biyu suna tafe. Suka wuce Ibadan da Ilori, suka haye Kwara a kan gadar Jaba, wadda ba ta fi shekara goma da gamawa ba. Kafin a yi gadar, jirgin ruwa ne ke ɗaukar taragu ya haye da su. Suka wuce Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya. A wani wuri bisa hanya Yariman ya bar taragonsa ya hau kan jirgi, ya karɓi tuƙi daga hannun direba na ɗan lokaci, jaridun Ingila suka yi ta buga labarin.

Shi ke nan fa, baƙo ya yi mil 700 cikin kwana biyu yana zaune. Masu tarbarsa fa? A lokacin dogo bai kai Gusau ba, bai kai Nguru ba, balle Maiduguri. Na Ƙauran Namoda sai 1929, na Nguru sai 1930, na Maiduguri sai 1964. Saboda haka rundunonin Sakkwato da Gwandu da Katsina da Barno da sauran ƙasashe a kan dawaki da raƙuma suka zo, waɗansu makonni suna tafe cikin wannan rana. Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya zo, Shehun Barno ya zo, Sarkin Katsina Dikko ya zo. Mai masaukin baƙi shi ne Sarkin Kano Usman, wanda ake ce wa Ɗan Tsoho, ga tsufa ga rashin lafiya, shekara guda bayan wannan ya rasu. Dawakin da suka taru an ƙiyasta su wajen 20,000. Ku yi lissafi da kanku. Doki guda dawa nawa yake ci a yini, ruwa tulu nawa yake sha, a watan da rijiyoyi suke ja baya? Wa ya kawo harawa, wa ya ɗebo ruwa, wa ya daka hatsin barori? Mutanen birni da ƙauyukan kewaye ne, kakanninmu. In ana labarin hawan nan akan faɗi kyan lifidi da kwalkwali da yadda aka yi jafi a gaban Yarima, mu kuwa muna so ku riƙa tunawa da masu tulu.

Yariman nan ya zama Sarkin Ingila a farkon 1936, amma bai cika shekara ba ya yi murabus saboda matar da yake so ya aura.

Sarakunanmu su ma sun shiga jirgi, kuma ya kai su inda doki ba ya kai wa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi niyyar aikin hajji a 1921. Maimakon ya bi hanyar gabas ta Barno da Sudan, wadda alhazai kan yi shekaru a kanta, sai ya zo Kano ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa ya kai shi Ingila, ya gana da Sarki Joji, sa'an nan ya wuce Makka. Ya komo gida a cikin 'yan watanni. A 1934 kuma Sarkin Kano Abdullahi Bayero, tare da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman, suka bi ta Ikko suka tafi Ingila. Tun daga wajen 1930 kuma akan kira sarakuna taro a Kaduna, wadda take kan dogo.

Amma akwai abin da jirgi ya rage wa sarauta. Bisa doki, sarki shi ne mai lokaci. A tasha kuwa agogo ne mai lokaci, an rubuta sa'ar tashi a allo, direba yana duban tutar gadi. Bisa doki dubun mutane suna iya bin sarki, kowane ƙauye ya fito ya gan shi, mai kuka ya tare hanya ya faɗi ya kai kukansa. Tarago kuwa mutum kaɗan yake ɗauka, sai a zaɓi masu rakiya, saura su tsaya a tasha suna ɗaga hannu. Jirgi ya ratsa ƙauye da dare, mutanen ƙauyen ba su san sarkinsu ya wuce ba. Ga shi kuma an raba taragu aji uku, faskila da sikinkila da na gama-gari, abin da ke raba su kuɗin tikiti ne. Attajirin da ya iya biya sai ya zauna inda ɗan sarki ke zaune. Wanda bai iya karanta abin da ke jikin tikitinsa ba kuwa, ko basarake ne, sai ya nemi ɗan makaranta ya duba masa.

Zamanin taragon sarauta bai daɗe ba a ƙasar nan. A cikin shekarar nan ta 1925 da Yarima ya zo a jirgin ƙasa, ran 1 ga watan Nuwamba, jiragen sama guda uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Su ne na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. Da Sarauniya Elizabet ta Biyu ta zo a 1956, a sama ta yi yawancin tafiyarta. Ta shiga jirgin ƙasa na musamman daga Ikko zuwa Ibadan, amma Arewa a jirgin sama ta zo. Aka yi mata hawan daba a Kaduna a farkon Fabrairu. Kano ce zangonta na ƙarshe, ran 16 ga watan, Sarki Muhammadu Sanusi ya tarbe ta, daga filin jirgin sama na Kano kuma ta tashi zuwa gida. A can Ingila ma, a 2025 fadar Sarki Carles ta ba da sanarwa za a ajiye jirgin ƙasa na sarauta a 2027, saboda tsadar riƙonsa.

Dogon da aka shimfiɗa mana a 1911 siriri ne, faɗinsa ƙafa uku da rabi. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabo mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Tsohuwar tashar kuwa tana nan inda aka kafa ta a bayan ganuwa. Wanda ya bi ta wajen ya tsaya ya duba, nan ne Yarima Edwad ya sauka. In da mai tambaya sai ya ɗaga hannu.