TUMBI BA ARZIKI BA NE

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Da farko ina gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nufe mu da sake haɗuwa a wannan fili mai tarihi, kuma ina roƙon Sa Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamanmu da abokan karatunmu. Na kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da suka ɗora mini nauyin yin magana a kan lafiyar jiki, duk da sun san cewa ni ba likita ba ne. Na san dalilinsu. Da yawa daga cikinku sun tare ni a bakin ƙofa ɗazu suna tambaya, "Wane, ina tumbin?" To, jawabina na yau amsar wannan tambaya ne.

Kafin in ba da amsa, bari mu tuna baya kaɗan. Wa zai manta da gudun safiya da malaminmu na wasanni yake tasa mu gaba da usur a bakinsa? Wa zai manta da aikin leba na ranar Asabar, da yankan ciyawa da langa-langa, da ɗibar ruwa a bokiti daga famfo zuwa ɗakin kwana, da tashi-tsuguna da firifet ke sa mu idan mun makara? A lokacin gani muke ana zaluntarmu. Amma ku duba hotunanmu na aji biyar, babu mai teɓa ko ɗaya, ga ƙwanji ga ƙarfi, alhali gabza da wake ne abincinmu. Da muka fita muka kama aiki, sai kujera ta gaji filin wasa, mota ta gaji ƙafa. Ciki ya fara fitowa, jama'a suna cewa, "Alhaji, hutu ya zauna," mu kuma muna shafa shi muna murmushi.

Ni ma haka na yi ta shafa nawa, har ranar da na yi sujada a sallar Juma'a na nemi miƙewa, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, sai da na dafa kafaɗar wani yaro sa'ar ɗana. Ba a daɗe ba na je asibiti saboda yawan kasala, likita ya auna jinina ya ce sukarina ya haura, ina bakin iyakar ciwon sukari, jinina kuma ya fara hawa. Ya ɗauko tef irin na tela ya zagaya cikina daidai cibiya, ya sami santimita 104, ni kuwa tsayina 170 ne. Ya ce mini ƙa'ida mai sauƙi ita ce awon cikin mutum kada ya kai rabin tsayinsa, wato nawa bai kamata ya kai 85 ba. Na dawo gida jikina a sanyaye, domin a wannan shekarar kaɗai mun raka abokan ajinmu biyu makwancinsu, wani kuma yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da na fara koya shi ne, cuta biyu ce take cin mu a lokaci guda: kitse yana ƙaruwa, tsoka tana zubewa. Masana sun nuna cewa daga wajen shekara 30 mutumin da ba ya aikin ƙarfi yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, abin kuma yakan ƙara sauri bayan shekara 60. Wani likitan Amurka mai suna Irwin Rosenberg ne ya raɗa wa wannan zubewar tsoka suna sakofeniya a 1989. Sikeli ba ya tona wannan asiri, domin mutum yana iya zama a nauyinsa na da, alhali naman da ke cinyarsa ya ragu, kitsen da ke cikinsa ya ƙaru. Shi kuwa kitsen da ke lulluɓe da hanji da hanta shi ne mafi haɗari, domin yana da hannu a ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Ita kuma tsoka ita ce babban rumbun da ke kwashe sukari daga cikin jini bayan an ci abinci. Ke nan idan rumbu ya ƙanƙance, hatsi sai ya zube a tsakar gida.

Na san wani zai ce, "Ai mu namu ya ƙare, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ni ma haka na ce wa likita, sai ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 1990. Wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta sun ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, masu kimanin shekara 90 da haihuwa, suka sa su atisayen ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kimanin kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninkawa uku. Idan ɗan shekara 90 ya iya haka, mu da muke tsakanin hamsin da saba'in ba mu da uzuri. Iyayenmu malamai, ku gafarce ni, ku ma wannan magana ta shafe ku.

Bugu da ƙari, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, sannan ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Yawancinmu rabin farko kaɗai muka ji. Tafiya tana da kyau ƙwarai ga zuciya, amma tsoka ba ta girma sai an ɗora mata aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sannan a ba ta abinci da hutu ta gyara kanta.

Akwai tsohon labari na Girkawa a kan wani ɗan kokawa mai suna Milo, mutumin garin Kroton. An ce ya riƙa saɓa maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi yana girma, ƙarfinsa yana girma, har ya wayi gari yana ɗaukar sa sukutum. Sunansa ne aka sa wa Milo ɗin nan da muke zuba wa a shayi, sai dai mun ɗauki sunan mun bar maraƙin. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, darasinsa shi ne ginshiƙin wannan aiki: a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Ga yadda na yi, kuma ban sayi na'ura ko ɗaya ba. Na farko, in zauna a kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma. Wannan shi ne tashi-tsugunan firifet, sai dai yanzu da ladabi. Na biyu, in dafa bango da hannu biyu in matsa ƙirjina gare shi in tura kaina baya. Da na ƙware sai na koma dafa tebur, daga baya na sauka ƙasa. Na uku, in ɗauki jarkar ruwa, in dafa kujera da hannu ɗaya in ja jarkar zuwa haƙarƙarina, domin ƙarfafa baya. Na huɗu, in riƙe jarka a kowane hannu in zagaya tsakar gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lissafi ba ya wahala: na fara da lita huɗu, na riƙa ƙara ruwa duk lokacin da na ji aikin ya yi sauƙi. Kowane atisaye nakan yi shi sau takwas zuwa goma sha biyu, in huta minti ɗaya ko biyu, in maimaita sau biyu ko uku. Duka-duka rabin awa, ranar Litinin da Alhamis, sauran kwanaki kuwa tafiya bayan sallar Asuba. A makon farko maiɗakina ta leƙo ta ga ina kai-komo da jarkoki, ta tambaye ni ko famfo ne ya lalace.

Yanzu sai batun abinci, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Kitse ba ya tafiya sai abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ake ci. Babu wani atisayen ciki da zai narkar da tumbi shi kaɗai, domin jiki daga ko'ina yake ɗibar kitsensa. Ni abu huɗu na gyara. Na daina lemon kwalba, bayan da na gano cewa ƙaramar kwalba guda tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali tara na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wato kamar cokali goma sha biyu. Na rage sukarin shayi da na fura da na kunu. Na roƙi a rage mai a miya da soye-soye, domin giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na hatsi da na furotin kuwa 4 ne. Sannan na rage malmalar tuwo, na cika gurbinta da ganye: zogale, alayyafo, rama, kuɓewa, kabeji.

Abin da na ƙara shi ne abinci mai gina jiki, wato furotin, domin shi ne tubalin tsoka. Wanda ya rage abinci ba tare da atisaye da furotin ba, tsoka yake zubarwa tare da kitse, shi ya sa za ka ga ya rame ya yamutse, in ƙibar ta dawo kuma kitse zalla take dawowa. Ƙa'idar da aka saba ba baligi ita ce giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa a yini, amma masana lafiyar tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 ga waɗanda suka manyanta. Mai kilo 80 ke nan yana neman giram 80 zuwa 96. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Wake, awara, nono, kifi, kaza, nama marar kitse, kilishi da ƙuli-ƙuli duk suna nan a kasuwarmu, ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Ashe waken nan da muke gunaguni a kansa a ɗakin cin abinci gata aka yi mana. Abin da ya fi shi ne a rarraba furotin a karin kumallo da rana da dare, kada a tara shi a tsire ɗaya na daren Asabar.

Wajibi ne in yi gargaɗi. Duk mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko ƙaba, ya ga likitansa kafin ya fara. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Kada a riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, domin yana sa jini ya hau nan take. In an ji ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya a nemi asibiti. Kada kowa ya ajiye maganin da aka rubuta masa don ya fara motsa jiki. A guji shayin rage ƙiba da ake talla, kuma mu ja kunnen 'ya'yanmu samari game da allurai da ƙwayoyin kumbura ƙwanji, domin suna illata hanta da zuciya, suna kuma taɓa haihuwa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar, sannu ba ta hana zuwa.

Ko wahalar tana biya? Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya ɗauki mutane sama da 3,000 masu irin matsayina na bakin iyaka. Waɗanda aka sa su gyara abinci, su yi motsa jiki na minti 150 a mako, su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ni shaida ne a ƙaramin matsayina. Bayan shekara guda awon cikina ya sauko zuwa 92. Ban kai 85 ba tukuna, ina hanya. Sukarina ya koma daidai, tela ya rage mini wanduna, kuma abin da ya fi komai daɗi a wurina, a azumin da ya wuce na yi tarawihi da tahajjud a tsaye ban dafa kowa ba.

'Yan'uwa, ba gasar ƙwanji nake kiran mu gare ta ba, wannan mun bar wa 'yan dambe. Abin da nake so shi ne kowannenmu ya kai tsufa yana iya tashi daga tabarma da kansa, ya shiga makewayi ba a riƙe shi ba, ya ɗauki jikansa, in Allah Ya kira shi ya yi ɗawafi da ƙafarsa. Ajali na Allah ne, babu mai ƙara wa kansa kwana ɗaya, amma jiki amana ne a hannunmu. Wannan magana har da iyalanmu mata, domin ɗaga nauyi yana ƙarfafa ƙashi, su kuwa ƙashinsu yakan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada.

Daga ƙarshe, ina gabatar wa Shugaba da shawara guda biyu. Ta farko, likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su riƙa zuwa wannan taro da na'urar awon jini da ta sukari da tef ɗin tela, a auna kowa kyauta. Ta biyu, kowane reshe ya tsayar da safiya ɗaya a mako da za a haɗu a taka, a yi atisaye, a yi zumunci. Ni na zo da tef ɗina a aljihu, duk mai ƙarfin hali ya same ni bayan an tashi, kafin a buɗe kulolin abinci.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ƙara mana lafiya da zumunci, Ya sa mu gama da duniya lafiya, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.