Bayanan Abokan Ciniki a Hannun Ɗan Kasuwa: Abin da Dokar 2023 Take Nema a Aikace



An ba ni aikin yin magana a kan yadda kamfani zai bi ƙa'idojin kare bayanan mutane. Bankuna da kamfanonin waya suna da lauyoyin da ke ci da wannan aiki, don haka ba su ne a gabana ba. Waɗanda nake nufi su ne masu makarantun kuɗi, da ƙananan asibitoci, da kemis, da otal, da kamfanonin sufuri, da masu POS. A hannunsu ne sirrin talaka ya fi yawa, kuma su ne ba a cika zama da su a kan wannan batu ba. Abin da nake so in kafa shi ne, mafi yawan bin wannan doka ba ya buƙatar sayen na'ura. Yana buƙatar mai sana'a ya rage abin da yake karɓa, ya kuma san ranar da zai rabu da shi.

Inda dokar ta fito

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri a gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A Janairun 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar NDPR, 'yan watanni bayan dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC a ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji. Sashe na 24 na wannan doka ne ya jera ƙa'idojin: a karɓi bayani bisa doka da adalci ba tare da ɓoye-ɓoye ba, don wata manufa sananniya, gwargwadon buƙata kawai, ya zama daidai, kada a riƙe shi fiye da kima, a kuma tsare shi. Wanda ya karɓa shi zai amsa tambaya.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Manyan masu sarrafa bayanai za a iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, naira miliyan 2 ne ko kashi 2 ɗin. A Agustan 2024 NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, duk da cewa bankin ya musanta laifin.

Me ka karɓa, kuma don me?

Nan zan daɗe, domin nan ne matsalar take. Mun saba da karɓar bayani don kawai akwai gurbinsa a fom. Makarantar firamare tana tambayar sana'ar uba, da ƙabilarsa, da albashinsa, wani lokaci har da lambar BVN. Otal yana ajiye hoton katin shaidar baƙo a wayar yaron da ke kan kanta. Mai POS yana rubuta cikakkiyar lambar asusu da lambar wayar kowa a littafin da ke buɗe a kan tebur, duk wanda ya zo cire kuɗi yana iya karantawa. Idan ka tambayi mai wurin amfanin wannan, sai ya ce haka ya tarar ana yi.

Sashe na 25 ya ba da dalilai shida da ke halatta sarrafa bayanin mutum: yardarsa, ko cika yarjejeniya da shi, ko wajibin doka, ko ceton rai, ko aikin jama'a, ko wata halattacciyar buƙatar kamfani wadda ba ta danne haƙƙinsa ba. Aikin farko na mai sana'a shi ne ya ɗauki fom ɗinsa, ya bi shi layi-layi, ya ga ko kowace tambaya tana da mazauni a cikin shidan nan. Direban da zai kai kaya kasuwar Kantin Kwari yana buƙatar suna da lambar waya da lambar shago, wannan cika yarjejeniya ne. Ranar haihuwar mai kayan fa? Babu abin da za ta ƙara wa tafiyar. A soke layin.

Na fi ba wannan mataki nauyi a kan duk sauran saboda dalili guda: abin da ba ka karɓa ba ba za a sace shi a hannunka ba. Lambar NIN da ta BVN, kowacce lamba 11 ce kawai, amma tun da aka haɗa NIN da layukan waya daga Disambar 2020, wanda ya samu lambar tare da suna da ranar haihuwa ya kama hanyar yin sojan gona da sunan mai ita. Ɗan damfarar da ya kira tsohuwa ya faɗa mata sunanta da bankinta kafin ya nemi lambar sirri, a wani wuri ya samo su, kuma ba lallai ne daga cikin banki ba.

Akwai kuma bayanan da sashe na 30 ya ware a matsayin masu tsananin sirri: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, zanen yatsa da makamantansu. Mai kemis da ke riƙe da littafin masu karɓar maganin ƙanjamau ko na taɓin hankali ya san abin da fitar sunan mutum guda zai jawo a unguwa. Aure kan mutu a kan ƙasa da haka.

Yarda, da abin da ake kira yarda

Doka ta ce shirun mutum ba yarda ba ne, kuma wanda ya karɓi bayanin ne zai tabbatar an yarje masa. Janye yardar ma dole ta zama da sauƙi kamar bayar da ita. To, a nan ina da ƙorafi. Takarda mai shafi huɗu da Turancin lauyoyi, a miƙa wa dattijon da Ajami yake karantawa a ce ya dangwala, ni ban ga yarda a ciki ba, ko da kotu za ta karɓa. Sashe na 27 yana so a sanar da mutum wanda ke karɓar bayaninsa, da manufar, da waɗanda za a ba, da tsawon ajiya, da inda zai kai ƙara. Duk wannan zai shiga layi shida na Hausa a manne a bangon shago, ko a karanta wa wanda ba ya karatu. Idan bayanan yaro ne, yardar iyaye ko mariƙinsa ake nema.

Bayanin da aka karɓa don wata manufa kuma ba ya tsallakawa zuwa wata. Lambar da uwa ta bayar don a kira ta idan ɗanta ya kamu da zazzaɓi, ba a ba ɗan takara ita lokacin zaɓe. Jerin waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba, ba a zuba shi a zauren WhatsApp na iyaye. Masu ba da bashi ta manhajar waya sun nuna mana ƙarshen wannan hanya: a Agustan 2021 NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar waɗanda yake bi bashi. Bin bashi halal ne, tozarta mutum a gaban surukansa da bayanin da ya ba ka amana wani abu ne daban. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ajiya da zubarwa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko gyaɗa ya san ana iya ƙunshe masa su a takardar da ke ɗauke da sunan wani, da hotonsa, wani lokaci da sakamakon gwajin jininsa. Daga ofis takardar ta fito, ranar da aka share sito aka sayar da tsofaffin fayiloli a kilo. Wannan keta doka ne daidai da kutse ta intanet, sai dai ba wanda yake ganinsa haka.

Maganin shi ne kowane irin bayani ya samu wa'adi a rubuce. Wasu doka ce ta yanke musu: dokar kamfanoni ta 2020 tana so a adana littattafan lissafi shekara 6, dokar hana halatta kuɗin haram kuma tana so cibiyoyin kuɗi su riƙe bayanan mu'amala aƙalla shekara 5. Amma takardun waɗanda suka nemi aiki ba a ɗauke su ba, ko hotunan kyamarar tsaro na bara, ba su da hujjar zama. A ƙone na takarda, a goge na kwamfuta, a kuma goge tsohuwar waya kafin a kai ta kasuwar Farm Centre.

Tsaron kansa ba ya da tsada: kabad mai makulli, kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirri, wayar aiki daban da ta gida, da rufe hanyar shiga ga wanda ya bar aiki a ranar da ya bari. Wannan na ƙarshe ne aka fi sakaci da shi, don kunya. Yaron shago ya tafi ya buɗe nasa, ya tafi da lambobin abokan ciniki gaba ɗaya, maigida kuma yana jin nauyin tambaya. Haka nan wanda ya rubuta wa makaranta manhajar sakamakon jarrabawa, ko akawun da ke shirya albashi daga waje: sashe na 29 yana so a yi yarjejeniya a rubuce da su, domin idan suka yi ɓarna, mai makarantar ne iyaye za su riƙe.

Idan kuma abin ya faru, kwamfuta ta ɓace ko an yi kutse, kuma akwai yiwuwar cutar da mutane, sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da NDPC. Idan haɗarin babba ne, su ma masu bayanan a gaya musu nan take, don su rufe asusu kafin a kwashe. Al'adarmu ta rufa asiri tana ja da wannan, na sani, amma asirin da ake rufawa a nan na kamfani ne, asarar kuwa ta abokin ciniki.

Game da bayanan da ke ƙetare iyaka kuma, masu hulɗa da Maraɗi da Damagaram su lura cewa Nijar tana da tata doka tun 2017 da hukumarta, HAPDP, kuma sassa na 41 zuwa 43 na tamu dokar sun gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanai daga ƙasa.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke zauren nan biyu ne. Ƙaramin shago ba zai iya ɗaukar jami'in kare bayanai shi kaɗai ba, amma ƙungiyar masu makarantu ko ta masu POS za ta iya ɗaukar ƙwararre guda ya duba fom ɗin mambobinta duka. Sannan a fitar da sanarwar sirri guda ɗaya da Hausa, a boko da Ajami, wadda kowane mamba zai cike sunan shagonsa ya manna kafin ƙarshen wannan shekara.