Matakan Gano Sankarar Furostet: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshenmu

 

Mun zaɓi yau mu yi magana a kan abin da kunya ta daɗe tana hana mu faɗi. Akwai daga cikinmu mai tashi fitsari sau huɗu a dare, akwai mai katse darasi ya fita, akwai wanda ɗigon fitsari ke sa shi sake alwala. Yawancinmu mukan ce sanyi ne, mu sayi jiƙo mu sha, shekara ta zagayo.

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman goro, tana ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye bututun fitsari. Idan shekaru suka ja takan kumbura ta matse bututun, kuma galibin wannan kumburi ba sankara ba ne. Amma sankararta ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Nijeriya, ta fi tsananta ga baƙar fata, kuma a farkonta ba ta nuna wata alama. Shi ya sa ake son namiji ya fara zancen gwaji da likita tun yana da shekara 45, ko 40 in mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ta.

Mataki na farko shi ne gwajin jini da ake kira PSA. Idan ya haura 4, likita kan ƙara bincike. Hawansa ba hukunci ba ne, domin kumburin tsufa, da ƙwayar cuta a fitsari, da sanya robar fitsari duk suna ɗaga shi. Tare da shi likita kan taɓa tsokar da yatsa ta dubura, ya ji ko ta yi tauri ko ƙulli. Bai kai minti ɗaya ba, amma a nan mazaje da yawa ke juyawa gida.

Mataki na biyu hoto ne. Sikanin da ake yi ta dubura yana nuna girman tsokar, sai dai bai cika bambance sankara ba. Hoton MRI ya fi shi gani. Ana ba abin da ya nuna maki daga 1 zuwa 5: maki 1 ko 2 na iya sa a jinkirta allura, 4 ko 5 kuwa na nuna wurin da za a nufa. Yana da tsada, don haka mu tambayi likita ko halinmu na buƙatarsa.

Mataki na uku, wanda shi kaɗai ke tabbatar da sankara, shi ne ɗibar tsoka. Bayan an kashe zafin wurin, ana amfani da siririyar allura a ɗebo sili kamar 10 zuwa 12. Hanya biyu ce: ta dubura, wadda ta fi yawa amma tana iya shigar da ƙwayar cuta, shi ya sa ake ba da maganin rigakafi; ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, wadda haɗarinta na wannan fuska ya fi ƙaranci. Mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini ya sanar da likita tun kafin ranar. Ganin ɗan jini a fitsari ko maniyyi bayan aikin ba abin firgita ba ne, amma zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko tsayawar fitsari, to a koma asibiti nan take. Maganar da ake yaɗawa cewa allurar ce ke baza sankara, kada ta hana kowa zuwa. Jinkiri ne ke ba ta damar kaiwa ƙashi.

Daga nan masana kan duba tsokar da madubin ƙara girma, su ba ta makin Gleason, daga 6 zuwa 10. Mu da muka saba ba da maki, mu lura cewa a nan ƙaramin maki ne abin so. Mai maki 6 sau da yawa sa ido kawai ake yi masa. Nelson Mandela an yi masa maganin wannan cuta a 2001, ya rayu har 2013.

Ba sai mun yi doguwar tafiya ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato yana da likitocin mafitsara, nan ne za mu fara tuntuɓa. Iyayenmu mata, ku kuke jin tashin maigida da dare, ku matsa masa, ku raka shi. Mu kuma mu adana kowace takardar sakamako kamar yadda muke adana rajistar aji, domin likita na kwatanta na bana da na bara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.