Hasken Rana da Rijiyoyin Ƙasar Gumel

Iyayenmu mata, 'yan'uwana manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, da ɗalibai da kuka zo daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ina yi muku barka da zuwa Ɗanzomo.

An nemi in yi magana a kan yadda duniya ke ƙoƙarin barin man fetur da kwal da iskar gas ta koma ga makamashin da ba ya ƙarewa. A manyan tarurruka, ɗumamar yanayi ake fara ambata, kuma a irin wannan taro ne, a birnin Gilasgo a 2021, Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da shekarar 2060. Maganar gaskiya ce, kuma mu da hamada ke ƙwanƙwasa wa ƙofa mun fi kowa sanin ta. Amma ni yau daga tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa zan ɗauko zancen.

Jirgin da ya fara ratsa Gagarawa zuwa Nguru, wajen shekarar 1930, da kwal yake tafiya, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu. Bayan an sami ɗanyen mai a Oloibiri a 1956, sai kalanzir da fetur da gas suka mamaye ko'ina, fitilar ƙwai ta kori aci-balbal, injin niƙa ya rage wa mata aikin dutse da turmi. Daga baya aka gama madatsar Kainji a 1968, ta Shiroro a 1990, wayar lantarki ta riƙa tahowa sannu a hankali, ta Kaduna, ta Kano, har ta iso wasu garuruwanmu. Ku lura da abu guda a wannan tarihi: ban da itace da kara da ƙarfin damtse da na shanun huɗa, duk wani makamashi da muka taɓa amfani da shi daga nesa yake zuwa, ya ratso ɗaruruwan kilomita, kuma mu ne a ƙarshen layi. Wanda yake ƙarshen layi shi ke biyan kuɗin dako mafi tsada, shi ake fara yanke wa, shi ake mayar wa a ƙarshe.

Shekarun nan sun nuna mana haka ƙarara. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗin kwano, ɗan acaɓa ya ninka kuɗin kai mutum kasuwar Maigatari ranar Alhamis, famfunan da ke jiran janareta suka ƙafe. A watan Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya rage ya sami matsala, Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. A cikin watan ne tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka fito kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri. Na san akwai masu ɗora laifin a kan waɗanda suka fita da bokiti, amma ya kamata mu tambayi kanmu irin tsadar da ta sa magidanci ya ga mai yana malala ya manta da ransa.

Maƙwabtanmu na ƙetaren Maigatari sun ɗanɗani nasu. A da, Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take saye, kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka katse mata. Abin da ya ɗan sassauta wa Yamai shi ne tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023.

To, rana ita ce makamashi na farko na zamani da ba sai an yi mana dakonsa ba. A kanmu take sauka, kuma yankin nan na cikin wuraren da suka fi samun ta a duk Najeriya, kusan awa shida na cikakken ƙarfinta a kowace rana idan aka yi matsakaicin lissafi na shekara. Farantin sola guda mai wat 300 yana iya ba da kusan yunit ɗaya da rabi na wuta a yini. Farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, galibi saboda yawan da masana'antun Sin ke ƙerawa. Shi ya sa yau kuke ganin sa a kan rumfar mai cajin waya, a kan masallaci, a kan shagon mai sayar da ruwan sanyi, ba tare da wata gwamnati ta yi shela ba.

Iska kuwa ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Tashar Lambar Rimi ta Katsina mai megawat 10 ta ci fiye da shekara goma ana aikinta, kuma iskar da muke da ita a nan ba ta kama ƙafar ranarmu ba. Manyan tashoshin sola ma kada mu zauna jiran su. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu a yarjejeniyar gina tashoshi da za su ba da fiye da megawat 1,000, har da waɗanda aka tsara wa Jigawa, shekaru suka wuce ana taƙaddamar farashi da lamuni ba a gina ba. Waɗanda suka tabbata su ne matsakaita, irin ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da ta Kumbotso mai megawat 10 da aka buɗe a 2023.

Inda nake so mu tsaya mu daɗe shi ne bakin rijiya. Ƙasar Gumel ba ƙasar kogi ba ce. Ba mu da fadamar Haɗeja, ruwanmu a ƙarƙashin yashi yake, kuma a garuruwa da yawa da nisa. Duk wanda ya ga ana ɗaura wa raƙumi ko sa igiyar guga ya san nawa ne kuɗin ruwa a nan, ko da ba a biya da naira ba. Kuma a duk ayyukan da sola ke yi, babu wanda ya dace da ita kamar jan ruwa. Dalili shi ne abin da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa a kayan sola batir ne, famfon rijiya kuwa ba ya buƙatar batir. Rana ta fito, famfo ya tashi, ruwa ya hau tanki. Rana ta faɗi, famfo ya tsaya, tanki ya ci gaba da bayarwa. Tankin shi ne ma'ajiyar, kuma ba ya lalacewa cikin shekara biyu. Ƙari a kan haka, lokacin bazara da mutum da dabba suka fi ƙishirwa, lokacin ne rana ta fi ƙarfi.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa asusun makamashi na jiha, aka haɗa hannu da wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF aka sa wa wasu ƙauyuka sola, har da Wawan Rafi, da famfo da fitilun titi da firjin ajiye allurar rigakafi. Gwamnatocin da suka biyo baya sun mayar da rijiyoyin burtsatse masu yawa daga janareta zuwa sola. Wannan abin yabo ne. Amma kowa a zauren nan zai iya nuna mini tankin da ke tsaye babu ruwa, da sandar fitilar titi da aka cire wa batir, da farantin da ƙura ta rufe har ba a gane launinsa.

Me ke kashe su? Ba wani babban abu ba ne. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi ta tare haske, kuma maganinta tsumma ne da ruwa da safe kafin faranti ya yi zafi. Zafi kansa yana rage ƙarfin faranti, don haka ba a manna shi a jikin kwano, sai an bar wa iska hanya ta ƙarƙashi. Yashi yana cinye famfo idan ba a gina rijiyar da kyau ba. Wani lokacin kuma 'yar na'urar da ke sarrafa wutar ce ta ƙone, ko waya ta tsinke, abin da bai fi kuɗin tunkiya ba, amma rijiyar miliyoyi ta kwanta shekara guda saboda kowa na cewa ai kayan gwamnati ne. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya koma birni, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, ba a bar wa garin ko takardar da ke nuna irin famfon da aka zura ba.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana. Duk rijiyar solar da ba ta da mai ita, matacciya ce tun ranar da aka buɗe ta. A da muna haɗa kuɗin man janareta dole, don in ba a haɗa ba babu ruwa. Da sola ta zo sai muka daina haɗawa, muna ganin an huta. Kamata ya yi a ci gaba da karɓar wani abu kaɗan, a kan jarka ko a kan gida ko a kan garke, a ajiye a asusun da mai unguwa da liman da wakiliyar mata suka san abin da ke cikinsa, ana karanta lissafin a bainar jama'a. Na ce wakiliyar mata da gangan, domin idan famfo ya tsaya, su da 'ya'yansu ne ke tafiya nema.

Akwai kuma gargaɗi biyu. Famfon da ba ya shan mai yana sa mutum ya manta cewa ruwan ƙasa yana da iyaka. Idan kowane mai hali ya haƙa burtsatse ya bar famfo yana zuba daga safe zuwa yamma don kankana ko lambu, rijiyoyin maƙwabta marasa zurfi su za su fara ƙafewa. Na biyu, tsohon batir. Yawancin batiran da muke saye dalma ce a cikinsu, kuma a zafin nan namu ba sa wuce shekara biyu zuwa uku. Kada a bari yara su fasa su, kada a narka su a tsakar gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Gubar ɗaya ce.

Yanzu bari in juya ga iyayenmu mata, domin duk abin da na faɗa bai taɓa murhu ba tukuna. Makamashin da ya fi kowane yawa a gidajenmu ba fetur ba ne, ba lantarki ba ne. Itace ne da gawayi da kara da kashin shanu. Farantin da ke kunna ƙwai huɗu da fanka ba zai dafa tuwon gida mai mutum goma sha biyar ba, kuma tukunyar gas ta fi ƙarfin yawancinmu. Saboda haka gatari bai huta ba, hayaƙi kuma yana nan yana cin idanu da ƙirjin mata da jariran da ke goye. Karan da ya kamata ya ruɓe a gona ya riƙe ƙasa, shi ma yana ƙarewa a wuta.

Itace makamashi ne mai sabuntawa, in dai ana barin sa ya sake tsirowa. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi daga tohon gawo ko kalgo ko sabara su bari, su sassabe sauran su kai gida. Da wannan dabara kaɗai, ba tare da dashe ba, aka farfaɗo da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, ruwan samansu ma bai kai namu ba. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba za a kama shi don ya sare reshe ba. Wannan magana ce da iyayen ƙasa da ma'aikatan gandun daji za su iya zama su warware a masarautar nan. A haɗa da murhun laka mai tattalin itace, irin wanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansa, wanda maginan tukwanenmu za su iya koya.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, ina da roƙo takamaimai. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ƙofar ƙananan tashoshin sola na kasuwa da na gari a buɗe take, kuma kasuwa irin ta Maigatari, da riɗinta da zoɓonta da dabbobinta, tana da masu iya biya. Amma kafin nan, a zagaya mazaɓa-mazaɓa a ƙidaya rijiyoyin solar da muke da su, a rubuta wadda ke aiki da wadda ta tsaya da abin da ya tsayar da ita. Sannan kowace mazaɓa ta fitar da matasa biyu, a tura su kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure ko Dutse ko Haɗeja su koyi haɗa sola da ciro famfo da gyara shi, a saya musu kayan aiki, a biya su daga asusun rijiyoyin. Kada kuma a sake karɓar rijiya daga hannun ɗan kwangila sai waɗannan matasa suna tsaye a wurin, an ba su takardun na'urar a hannu.