Ciwon Sukarin Masu Juna Biyu: Bayan An Sauka Lafiya, Sai Me?



An nemi in ɗan yi bayani a kan lafiyar iyali, sai na zaɓi wani al'amari da ke wuce mu ba mu lura ba, wato halin da mace ke ciki bayan ta haihu, idan an same ta da ciwon sukari lokacin da take da juna biyu.

Ga yadda abin yake. Mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, wanda shi ne ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Jikin mafi yawan mata yakan ƙara samar da insulin ya cike giɓin. Wadda nata ya gaza, sai sukari ya taru mata a jini. Da zarar mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki sukarin yakan sauka, har akan dakatar da allura. Daga nan sai murna, a yi suna, a manta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ciki bai ƙirƙiro raunin ba, tona shi ya yi. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna cewa haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin ga irin waɗannan mata ya kai ninki 7 na sauran mata. Kuma yakan shigo a ɓoye, ba ciwon kai, ba zazzaɓi.

Saboda haka likitoci suka ce a sake gwaji tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa. Za ta zo ba ta karya kumallo ba, a ɗebi jini, a ba ta ruwan sukari giram 75, bayan awa 2 a sake ɗiba. Idan na biyun ya kai 200, ciwon ya tabbata. Tsakanin 140 da 199 kuwa gargaɗi ne. Ko an ga lafiya lau, a riƙa maimaitawa duk shekara 1 zuwa 3, da kuma kafin wani cikin.

Hanya mai sauƙin tunawa ita ce: ranar da aka yi arba'in, a sa ranar zuwa asibiti. Shayar da nono na rage haɗarin, haka ma tafiyar minti 30 a rana da rage ƙiba. Kunun jego ma a sassauta masa sukari.

Ku kuma mazajenmu, yadda kuka tanadi ragon suna, ku tanadi kuɗin wannan gwaji. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa malamanmu da alheri.