Mutum-mutumin da Ba Ya Jin Magiya



A 1984 James Cameron ya fitar da fim ɗin The Terminator, inda Arnold Schwarzenegger ya fito a matsayin mutum-mutumin da aka aiko daga shekarar 2029 ya kashe wata mata, Sarah Connor. Abin da ya kama zukatan masu kallo shi ne wannan maƙiyi ba ya gajiya, ba ya jin magiya, kuma na'urar da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa ce ta samar da shi.

Kiɗan Brad Fiedel ya ƙara wa abin armashi: bugun ƙarfe mai maimaita kansa, da wata siririyar murya mai ban tausayi a samansa. Fatar fuskar mutum-mutumin ta yage, jan ido na haskawa cikin ƙarfe, ga kiɗan na matsowa. Dole tsigar jiki ta tashi.

Yau batun ya wuce nishaɗi. A Disambar 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu zaɓar wanda za su kashe da kansu. Ran mutum ya fi ƙarfin a bar wa na'ura hukuncinsa. Wajibi ne shugabanninmu su goyi bayan dokar da za ta hana hakan.