Ciyar da 'Ya'ya Bayan Rabuwar Aure Idan Hanyar Samu Ta Yanke

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai shimfiɗa arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu saurare a Ƙonni da Malbaza da Illela da kewaye, darasinmu na yau a kan uba ne wanda aure ya rabu, 'ya'ya suna hannun uwa, sannan aikinsa ya tsaya.

Mutanen wannan yanki sun san wannan jarrabawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Direbobi da 'yan dako da 'yan canji suka wayi gari ba ciniki. Haka kuma lebura yana iya rasa aiki a ma'aikatar siminti, manomin albasa a Galmi yana iya faɗuwa idan kasuwa ta karye. To, mene ne hukunci?

Na farko, saki yana kashe aure, ba ya kashe ubantaka. A mazhabar Imamu Malik, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana iya nema, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Zaman yara wurin uwa bai sauke wannan nauyi ba. Ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna ciki.

Na biyu, gwargwadon ciyarwa yana bin hali. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta bambanta mai yalwa da wanda aka ƙuntata wa, kowa aka ɗora masa daidai ƙarfinsa. Saboda haka wanda yake bayar da jika ashirin a wata lokacin da yake da albashi, ya halatta a rage masa idan albashin ya yanke. Amma ragewa daban, yankewa daban. In babu kuɗi, akwai tiyar gero, akwai kuɗin magani ranar da aka samu.

Na uku, kada ka rage kai kaɗai a ɓoye. In yarjejeniya ce tsakanin dangi, ka je wurin waliyyin matar da shaidu biyu, ka bayyana halinka, a sa sabon adadi da wa'adin sake dubawa, a rubuta. In kun kasa daidaitawa, akwai limami, akwai mai gari da sarki, waɗanda dokar ƙasa ta ba su ikon sulhu. In kuwa alƙali ne ya yanka adadin, to alƙali ne zai sauya shi. Ka koma kotu da takardar sallama daga aiki ko shaidun da suka san halinka. Malamanmu sun bayyana cewa ciyarwar da alƙali ya hukunta a kan mai hali ba ta faɗuwa don wata ya wuce, bashi ce a wuyansa. Wanda ya kashe waya ya ɓace, bai tsere wa komai ba, tara wa kansa yake yi.

Na huɗu, Allah Ya san mai rashi na gaskiya da mai ƙaryar rashi. Mutum ya ce ba shi da na hatsin 'ya'yansa, ga shi yana haɗa lefen amarya! Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyana wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan ƙwauro, sai ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Wannan ya nuna haƙƙin yaro ba kyauta ba ce da ake roƙo.

Ke kuma uwa, baiwar Allah, in kin tabbatar da rashinsa, ki sassauta. Kada ki hana shi ganin 'ya'yansa don hannunsa ya bushe, kada ki cika musu kunne da aibinsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. Abin da kika ciyar, ladansa yana wurin Allah.

Ku kuma dangi da mawadata, uban da ya talauce yana cikin masu cin zakka. Ku fara da shi, ku rufa masa asiri. Uban da yake da rarar abincin ranar Sallah kuwa, ya tuna zakkar fid-da-kai ta 'ya'yansa tana kansa, sa'i guda ga kowane, ko suna gidan kakanninsu. Ranar da Allah Ya buɗa maka, ka mayar da adadi yadda yake tun ba a tambaye ka ba.

Allah Ya buɗa wa kowane magidanci ƙofar halal, Ya shirya zuriyarmu, Ya karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.